Faifan Wayoyi

Ɗaki biyu ne gidanmu a Agege,
bayan layin dogo, inda jirgi ke kaɗa kofuna in ya wuce.
Da can, biyar na asuba nake buga ƙofa,
in karanta sura sukutum, in ɗora wa'azi,
"amin" na fitowa daga ƙarƙashin mayafi,
rabinsa barci, rabinsa haushi.

Habila ya cika sha shida, murya ta fashe.
Kyauta sha huɗu, ido ya buɗe.
Ran nan na ɗaga kai daga Littafi,
sai ga hasken waya a cikin zaninta.
Na ja numfashi zan yi tsawa,
Rifkatu ta taka mini ƙafa.
Da dare ta ce, "Istifanus,
a bakin ƙofar sujada ka tsayar da yaran nan.
Matsa musu tabarma su shigo."

Sai muka bar asuba, muka koma bayan tuwo.
Faifan rufe kwano ya samu sabon aiki:
kowa ya zuba wayarsa a ciki.
Tawa ce ta farko,
ko da direban tumatir zai kira daga Mile 12.

Muka huda murfin gwangwanin madara.
Mai tambaya ya rubuta ya jefa, ba suna, ba faɗa.
Takardar farko da na warware:
"In Allah na ji, don me Kaka ta mutu
muna cikin azumin kwana uku?"
Na san hannun.
Na laluba aljihun amsoshina, babu ko kwabo.
Na ce, "Ban sani ba, ni ma na tambaya."
Janareton maƙwabci kaɗai ke magana.
Kyauta ta matso, ta jingina da kafaɗata,
abin da ta daina tun tana firamare.

Alhamis ta Habila ce.
Aya uku kawai yake karantawa, ya rufe,
ya ce, "Wa ya ɓata muku rai yau?"
Na ambaci kwandastan da ya cinye mini canji a Oshodi.
Ya ce, "To Baba, kai za ka yi masa addu'a."
Albarkar ta maƙale mini a wuya kamar ƙayar kifi.
Sai da na yi tari ta fita.

Kyauta kuwa bokiti take kifawa,
ta sa wa tsofaffin waƙoƙinmu ƙafafu,
har uwarta ta manta da ciwon gwiwa.

In cunkoso ya riƙe mu a danfo ran Lahadi,
kowa ya zaɓi mutum ɗaya ta taga,
yaro mai tallan ruwa, ko matar da goyonta ke kuka,
ya kai shi gaban Ubangiji, baki a rufe.
In mun sauka, akwai kwanon miyar Baba Alani na ɗakin ƙarshe,
wanda ƙafa ta kumbura, 'ya'ya suka yi nisa.
Yaran ke kai masa. Sukan daɗe.

Kada in yi ƙarya, ba kullum take daɗi ba.
Akwai daren da Habila ya bugo ƙofa ya fice,
akwai wanda gajiya ta cinye mu duka,
muka ce, "Yesu, ka gan mu," muka kwanta.

Jiya ruwa ya shanye hanyar Ikeja.
Sha ɗaya ta wuce kafin in iso, takalmi a hannu.
Ba wuta a layinmu.
Ta labule na hango aci-balbal,
da faifai, waya uku a ciki, an bar gurbin ta huɗu.
Murya mai tsagewa tana cewa,
"Ka kawo mana shi lafiya, ka san bayansa na ciwo."

Ban taɓa gaya masa ba.
Na tsaya, ruwan indararo na zuba mini a ƙeya,
na jira su ce amin.