Kuɗin Shekara

Saƙon banki ya same ni a kan gadar Eko,
cikin cunkoso, ruwa na dukan rufin danfo:
ranar Alhamis za a cire kuɗin shekara.
Dala ɗari da hamsin.
Na buga lissafi da canjin yau,
gumi ya tsattsafo mini a bayan kunne.

Katin na aljihun gaba, baƙi, mai ɗan nauyi,
ruwan zinaren sunana ya fara gogewa.
Shekara bakwai muna tare.
Shi ya buɗe mini falon manya a filin jirgi,
inda na sha shayi ban tambayi farashi ba,
na miƙe ƙafa kamar a zauren ubana,
zamanin da nake zuwa Sin sau huɗu a shekara
in dawo da kwalayen caja da murfin waya.

Yanzu Ɗanliti ke mini ciniki a can,
yana nuna mini kaya ta waya.
Fasfona na ƙasan akwati da takardun haihuwar yara.
Rabona da jirgi tun kafin a yaye Uwani,
ga ta har tana haɗa baƙi.

Ladidi ta ce,
kana biyan hayar ɗakin da ba ka kwana.
Na ce akwai maki a ciki, dubu sittin da ɗaya,
in na rufe sun bi ruwa.
Ta ce, to, zuba su a tukunya mu gani.

Ban taɓa barin kuɗin ruwa ya hau kaina ba,
kafin wata ya mutu na biya.
Amma in za a faɗi gaskiya,
abin da nake saye duk shekara
shi ne rusunawar mai tsaron ƙofar nan.

Laraba da dare na kira su.
Wata mai sanyin murya, Morenike,
ta ce za a rage mini kwata in na zauna.
Na yi shiru.
Janareton maƙwabci ya yi tari ya mutu.
Na ce, makin nan zai kai mutum Yola?
Ta ce zuwa kawai, ban da dawowa.

Mati, yaron shagona,
shekara uku bai ga tsohuwarsa ba,
jirgi kuwa sai dai a sama.
Na karanta mata sunansa harafi-harafi.
Dawowa ya biyo motar dare, ni zan biya.

Almakashin ɗinkin Ladidi ya sha wuya,
katin bai yarda da sauƙi ba.
Rabi na ƙarƙashin ƙafar teburin shago,
ya daina rawa.
Ɗaya rabin, kada ku gaya mata,
yana nan a aljihun gaba.

Ɗazu wani jirgi ya ratsa saman Agege.
Ina tsakiyar ba mutum canji,
na ɗaga kai
har lissafi ya ɓace mini.