Takardun Nazmiye

A Trabzon ruwan sama ba ya sallama,
tun asuba yake ƙwanƙwasa taga.
Ni da Zeytin, kyanwar gidan nan,
mu biyu muka rage a kicin,
ita bisa kujera, ni a gaban kabad.

A jikin murfin kabad ɗin, daga ciki,
Nazmiye ta manna mini takardu
kafin ta riga mu gidan gaskiya.
Rubutun nata siriri, kamar tururuwa
ta yi jerin gwano zuwa gwangwanin sukari.

Ta farko ta ce: Hikmet, kaskon ƙarfe
ba a yi masa wanka da sabulu.
Gishiri da tsumma, sai ɗigon mai.
Shekara arba'in ina ci daga kaskon nan
ban san yana da doka ba.

Ta biyu: albasa ba ta son gaggawa.
Rage wuta, bar ta ta saki jiki.
Wanda ya ƙona albasa ya ƙona miya
ko da naman rago zai zuba.

Yau na gayyaci mutum uku,
karo na farko tun watsewar zaman makoki:
Jemil mai ɗinkin taru da matarsa,
sai ƙanwata Fikriye
wadda ke hango ƙura a bayan firji
tun tana cire takalmi.

Na sayo hamsi jirage na sauke kaya,
'yan kifi masu ƙyallin azurfa.
Takarda ta ce: cire kan da yatsa,
birkita su a garin masara,
jera su da'ira a kasko,
wutsiyoyi su haɗu a tsakiya.

Akwai wadda ta ja wa layi biyu:
Kar ka ba Zeytin baya
in akwai kifi a fili.
Ba ɓarauniya ba ce,
amana ce ta fi ƙarfinta.

Na karanta, na yi dariya,
na juya in leƙa butar shayi.
Kafin ka ce kwabo,
tun ban ɗora kaskon a wuta ba,
da'irar ta yi giɓi kamar bakin tsoho.
Zeytin na ƙarƙashin tebur tana lasar hannu,
ko gezau.

Sai ga ƙararrawar ƙofa.

Na bi takardun da yatsa, jiki na ɓari,
har na kai wata can ƙasa, kusa da sakata:
In abinci ya gaza, yanka burodi da kauri,
ka ja hira da tsawo.
Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.
Kar kofin baƙo ya bushe
sai ya gitta cokali a bakinsa.

Haka na yi.
Kifi ya yi kaɗan, gishiri ya so ya yi yawa.
Jemil ya ba da labarin guguwar da ya sha faɗa,
muka saurara kamar yau muka fara ji.
Fikriye ta shafa bayan firji,
ta dubi yatsanta, ta dube ni,
ta haɗiye maganar, ta miƙo kofi.
Zeytin ta hau cinyar matar Jemil
tana gurnani, cikinta taf da rabon wani.

Da suka tafi, kwanuka sun yi tsibi.
Na naɗe hannun riga,
sai idona ya faɗa kan ta ƙarshe,
wadda tururi ya fara cinye wa tawada:
Wanke-wanke zai kai safe. Zauna.

Na zauna.
Na yago takarda daga kalanda,
da rubutuna mai kama da tonon kaza
na sa: A fara sallamar kyanwa
kafin a jera kifi.
Na manna ta ƙarƙashin nata,
ta ɗan karkace, na bar ta haka.

Ruwa bai ɗauke ba.
Zeytin ta yi hamma,
kicin na warin kifi da ƙamshin shayi.