Masu Gyara a Durham

Wilf ya shekara ashirin yana haƙar kwal,
yanzu kekunan ɗalibai yake wa faci
a ƙarƙashin gada.
Baƙin farcensa ya ƙi fita.

Doreen rigunan bikin digiri take ɗinkewa.
Ta san faɗin kafaɗar kowane farfesa,
har wanda ya rame bayan rasuwar matarsa.

Ni da dare nake share ɗakin karatu,
in tsinci biro, warin safar hannu,
ragowar hamma.

Ran Juma'a mukan haɗu kan shayi,
kogin Wear na wucewa, ko sallama babu.
Wilf ya nuna, "A garinku me ake ce wa wannan?"
Na ce, "Sarƙa."
Ya dangwalo baƙin mai da yatsa,
ya rubuta a bango.