Tamanin da Biyar

Na bar Norseman rana ba ta gama wanke ido ba,
gidana na biye da ni a kan taya huɗu:
gado, murhu, tankin ruwa cike fal,
tan biyu da ɗoriya rataye a ƙugiya guda
wadda ba ta fi dunƙulen hannuna ba.

Shekara talatin da ɗaya Mervyn ne a wannan kujera,
ni ina gefe da taswira da ɓawon lemo.
Bana sai da na matso da ita gaba
kafin ƙafata ta kai totur.
Hularsa na nan inda ya ajiye ta.

Allura a kan tamanin da biyar.
Allon bakin hanya ya ce ɗari da goma,
amma da marasa jela yake magana.
Mervyn kan ce: Noelene, ko doka ta ba ki ɗari,
kayan da ke bayanki ba su iya karatu ba.

Wajen ƙarfe tara wani yaro ya wuce ni,
jar mota, jirgin ruwa ɗaure a tirela,
ya matsa mini oda har sau biyu.
Na bi bayansa da kallo.
Jelar na ɗan kaɗawa, kamar ta kare ya ga mai gida.

Can sai ga uwar hanya a madubi,
babbar mota mai jan tirela uku,
tsawonta ya fi layin gidajen unguwarmu.
Iskarta ta ture ni tukuna,
sannan ta zuƙo ni.
Gidan ya yi hagu. Ya dawo dama.
Ya sake yin hagu, ya fi na farko nisa.
Na ji tukwane suna gardama a baya.
Ƙafata ta tafi neman birki ba da izinina ba.

Kar ki taka, in ji kujerar da ba kowa.
Ɗaga ƙafa daga totur, sannu.
Riƙe sitiyari sak, kar ki yi kokawa da shi.
Yatsa kan birkin tirela, ɗan kaɗan.

Tamanin.
Saba'in da biyar.
Saba'in.
Jela ta kwanta.
Sai a lokacin na ga rigata ta jiƙe.

Bayan Balladonia hanya ta miƙe kamar zare,
ba kwana, ba tudu, ba abin da za a ɗora wa laifi.
Nan na same shi.
Jirgin ruwa a kife cikin ƙananan ciyayi,
a ƙasar da ba ta da kogi ko ɗaya,
taya guda tana kallon sama.
Yaron na zaune kan akwatin ƙanƙara,
lafiyarsa ƙalau, hannunsa ne dai ya ƙi tsayawa.

Jarrad sunansa.
Ya ce: ɗari da ashirin ne fa kawai.
Na leƙa, na ga jarkokin mai shida
ya jibge su can ƙurya, bayan tayoyi.
Na so in yi magana, na haɗiye.
Na kunna murhu, na dafa shayi,
na zuba masa sukari cokali uku a kofin Mervyn.
Muka jira motar janwe awa biyu,
ƙudaje na zagaya mu.

Da zan tafi ya ce, ke a nawa kike tafiya?
Na faɗa masa.
Ya ce, yaushe za ki isa?
Na ce ban sani ba, ba wanda ke jirana.

Na tsaya a Caiguna kafin magariba,
kafin kangaru su fito cin kasuwarsu a kwalta.
Na zagaya, na taɓa tayoyi, ɗumi kawai.
Na buɗe kabad a hankali.
Ƙwai goma sha biyu na saya a Norseman.
Ɗaya ne ya fashe.
Shi na soya.