Baiti Ɗari Huɗu da Arba'in da Shida

Tartu, ƙarfe biyu na dare.
Kogi ya daskare tun Disamba.
Bututun ɗumama ɗaki yana ta ƙwanƙwasa
kamar baƙon da ya ɓace ƙofa.
A kan tebur, kwamfutar babana Endel,
wadda yatsansa ya cinye harafin E a jikinta,
da shayin da na manta tun faɗuwar rana.

Shekara uku nake gina wannan tsarin
in na taso daga kantin magani.
Ni na rubuta ƙwayarsa, layi bayan layi.
Ya iya ƙirga lokaci, ya iya jin taɓin madannai,
amma bai taɓa taka ƙarfen gaske ba.
A na'urar kwaikwayo ya girma,
kifin kwalba, bai san kogi ba.

Yau zan yanka masa fili.

Faifai gonar gado ce.
Daga can gefe, hotunan Baba:
kwale-kwalen da ya like da kwalta,
karenmu mai kunne ɗaya,
Mama tana dariya, bakinta cike da tuffa.
Yayana Valdur ya ce min ta waya daga Pärnu,
"Merike, ki yi haukanki,
amma kada ki tsallaka iyakar tsoho."

Na auna, na sake aunawa.
Na rage nasa kaɗan, inda babu komai,
na kafa turke, na ce nan nawa ya fara.
Lambobin kuwa na rubuta su
a bayan takardar kuɗin wuta,
don biro ne a kusa, ba don hikima ba.

Saura mai tada na'ura,
ɗan mitsitsin da ke kwana a bakin ƙofar faifai.
Ɗakinsa baiti ɗari biyar da sha biyu,
amma ba duka ne nasa ba:
ɗari huɗu da arba'in da shida ya mallaka,
sittin da huɗu na taswirar iyakoki,
biyun ƙarshe hatimi.
Na san wannan kamar yunwar cikina.

Sai na rubuta duka ɗari biyar da sha biyun.

Yatsa ya riga hankali.
Na kashe, na kunna.
Allo baƙi ƙirin, ɗan layi yana ƙyaftawa.
Na tambayi faifai me ke cikinsa,
ya ce fili ne fetal, ba na kowa ba.
Babu kare. Babu tuffa.

Na tashi na tsaya bakin taga.
Motar share ƙanƙara ta wuce sau biyu.
Baba kan ce jirgin da taswirarsa ta jiƙe
bai nutse ba tukuna.
Ban taɓa son karin maganarsa ba,
kullum sai yana goge hannu da tsumma yake yin ta.

Takardar kuɗin wuta tana ƙarƙashin kofi,
da zoben shayi a kan lamba ta uku.
Takwas ce ko uku?
Na kai ta gaban fitila. Takwas.
Na mayar da turaku ɗaya bayan ɗaya,
ina danna kowace lamba
kamar mai ƙirga ƙwayar maganin jariri.

Karen ya dawo, da kunnensa ɗaya.

Sannan na sake rubuta mai tada na'ura,
ɗari huɗu da arba'in da shida, ko ɗigo ban ƙara ba.
Fanka ta yi tari.
A kusurwar hagu ta sama, fararen haruffa huɗu,
gaisuwar garinmu: Tere.

Agogonsa ya yi latti da awa biyu.
Gobe na gyara.
Valdur kuwa, ba sai ya ji ba.