Ajiyar Kwata

Ruwan daren Laraba bai yi sallama ba,
ta ƙarƙashin ƙofa ya shigo,
ya zagaye ƙafafun gado, ya ɗaga tabarmar salla.
Da gari ya waye a Agege
sai ga kwata ta amayo duk ajiyar da muka ba ta:
ledar fiya-wata, ledar tumatir, farar robar abinci,
har da wata baƙa mai ƙulli biyu a wuya.
Na gane ta. Ƙullin hannuna ne.

Hashimu yana kwarfe ruwa, bai ce uffan ba.
Ni ce na ce, daga yau mun yi hannun riga.

Na zazzage buhun shinkafa,
na kai wa Sallau tela a bakin titin jirgi,
ya yanke baki, ya ɗinka masa hannu biyu.
Yanzu shi ke raka ni cefane,
yana zaune a cinyata cikin danfo
kamar yaron da ba a biya wa kujera ba.
Mai tattasai ya miƙo leda, na ce riƙe abarka,
ya dube ni sai ka ce na ƙi karɓar canji.

Iya Risika ta ɗakin ƙarshe
ta ga ina neman abin ƙulla alala,
ta kawo ganye, ta kama yatsuna, ta murɗa.
Na farko ya zube, na biyu ya zube,
ta yi dariya har ɗankwali ya zame.
Na uku ya tsaya da ƙafarsa.
Ranar Hashimu ya tambaya ko na sake hannu a girki.

Kwalaben da nake jefarwa sun hau kanta,
wannan yaji, wannan daddawa, wancan kanwa.
Langar da Inna ta sa mini cikin kayan ɗaki,
wadda na ce ta tsufa da zaman birni,
ita ke zuwa sayen koko da asuba.
Faifai ya koma bakin ƙwarya.
Ruwa na tafasa shi, randa ta sanyaya,
Barira ta cika gorar ƙarfe ta rataya,
tana tafiya makaranta tana ƙwanƙwasa ta da biro.

Ba zan yi ƙarya ba:
jiya burodi ya zo cikin rigarsa,
mai nama ma ya riga ni ƙullewa.
Na wanke su, na shanya a igiya,
suna kaɗawa tsakanin zannuwa, suna jiran wani aiken.
Gidan kuma ɗaki goma sha biyu ne,
tawa ƙofar ɗaya ce tak.

Ga hadari can ya sake haɗowa ta wajen Ikeja.
Na ɗora katifa bisa tebur, na tsaya bakin ƙofa.
In kwata ta zo da lissafinta gobe,
zan duƙa in duba,
ƙulli bayan ƙulli.