Gida Biyu, Wuta Ɗaya

Takardar kuɗin gas ta iso da safe,
Morag ta fara karanta ta a tsaye, ta ƙarasa a zaune.
Kuɗi ya ninka, fansho kuwa ya turje,
ko taku ɗaya bai ƙara ba.

A Dundee ranar Disamba ba ta zama,
kafin ƙarfe huɗu ta yi sallama.
Iskar kogin Tay na laluben ƙofa
kamar mai bin bashi da ya san kana ciki.

Ta ɗauko tsohon wandon Alasdair,
shekara uku ke nan da rasuwarsa,
ta cusa masa tsummoki, ta ɗinke bakin,
ta shimfiɗe shi a gindin ƙofa.
"Yi mini gadi," ta ce, "dama can ba ka son fita."

Ɗakin sama ta kashe hitarsa ta kulle,
ba mai kwana ciki sai akwatuna.
Tagar kicin ta sha leda da salatif.
Labule a buɗe da hantsi, a ja da magariba.
Ta rage zafi da digiri ɗaya tak,
ta ɗora suwaita a kan suwaita.
Buta sau ɗaya take tafasa, saura a filas.
In ta gasa dankali sai ta bar tanda a buɗe,
kyanwa ta fi kowa sanin lokacin.

Duk da haka mita na gudu, ko haki ba ta yi.

Ran Juma'a ta hango Fergus ta taga,
da safar hannu a tsakiyar falonsa,
numfashinsa na tashi kamar hayaƙi.
Shekara ashirin suna maƙwabtaka,
gaisuwa ba ta taɓa wuce "ina kwana" ba.
Ta ƙwanƙwasa. Ta ce, "Wauta muke yi.
Tsofaffi biyu, wuta biyu, kowa na rawar ɗari.
Litinin gidana, Talata gidanka."
Ya daɗe shiru. "Ba na son kyanwa."
"Ita ma ba son ka take ba."

Yanzu karta suke yi har ƙarfe tara,
yana maguɗi, tana gani, tana ƙyale shi,
kyanwar na barci a kan cinyarsa.

Takardar Fabrairu ta zo.
Ba sauƙin da za a rangaɗa wa guɗa ba ne,
amma a tsaye Morag ta karanta ta har ƙarshe,
ta ninke, ta danne da kofin shayi.
Yau Talata. Ta kashe hita, ta ɗauki filas, ta fita.